Ruwan Baftismar Jimrau

Majami'armu tana bakin garin Dakoro ta arewa, inda gidaje ke ƙarewa hanyar Azagor ta miƙe. Ba wata babba ba ce. Ginin laka ne da rufin kwano, benci goma sha huɗu, ganga biyu, sai wani tsohon ƙarfen mota da muke bugawa a kira mutane. Ba mu da fasto namu na kanmu. Ni Na'Allah ni ke riƙe da mabuɗi, ni ke jan sujada kowace Lahadi gwargwadon abin da Allah ya hore mani, don ban yi lakkwal ba, wato boko, karatun Hausa kaɗai na koya a ajin manya. Amma baftisma ba aikina ba ce. Wannan sai fasto mai naɗi, kuma namu, Fasto Nafi'u, daga Maradi yake zuwa, sau ɗaya tak a shekara, cikin ɗari bayan Nowel, wato Kirsimeti. Ƙananan majami'u irin tamu sun fi goma a wuyanshi. Wanda ya kuskure ranarshi, sai baɗi.

Bana mutum ɗaya ne ke jiran shiga ruwa, Jimrau.

Jimrau sa'ana ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa sujada, kullum a bencin ƙarshe, dab da ƙofa. Ya iya waƙoƙinmu fiye da wasu da aka haifa a ciki. Amma duk shekara in na ce mashi, "Jimrau, Fasto na tafe, in sa sunanka?" sai ya ce, "Bari in ƙara dubawa," kamar wanda ake tallata wa sa a kasuwa. Da daminar da ta wuce ciwon ƙirji ya kayar da shi, sati uku bai fita ƙofar ɗaki ba. Da ya tashi, rigarshi ta yi mashi yawa. Ya zo gidana da sandarshi, ya zauna, ya ce, "Na'Allah, na gama dubawa. Sa sunana. Ɗarin baɗi ban yi alkawarin ganin shi ba." Yana faɗi yana dariya.

Bayan majami'a, cikin darnin kara, muna da kwami na siminti da muka gina don baftisma, zurfinshi ya kai cinyar babban mutum. Rijiya kuwa tana wajen darni, taki arba'in, rijiya mai zurfin gaske inda makiyaya ke shayar da bisashe.

To ni mutum ne mai doka, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun ran da aka ba ni mabuɗin nan na ce Lahadi ta Ubangiji ce. Ba a zuwa gona, ba a sussuka, ba a gini, ba a jan ruwa. Abinci dai a dafa. Ruwan da za a sha Lahadi, Asabar ake ɗebo shi. Shekara ashirin da shida muna kan haka, ba wanda ya mutu. Saboda haka ranar Asabar da la'asar na tara mutane, aka cika kwami fal.

Habi matata, ita ce shugabar zumuntar mata, ta tsaya bakin kwamin ta riƙe ƙugu.

"Malam, ruwan nan in ya kwana a sarari cikin ɗarin nan, gobe ko kare ba ya shiga. A bari da safe a ja sabo mana. Kai ma ka san ruwan rijiya da ɗuminshi yake fitowa."

Na ce, "Gobe wace rana ce?"

"Lahadi."

"To."

Ta dube ni, ta dubi ruwan, ta ɗauki bokitinta ta yi gida. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, na san wannan tafiyar. Ba tafiyar wanda ya yarda ba ce.

Gari ya waye da sanyin da ban ga irinshi ba cikin shekarun nan. Da na buga ƙarfe sai da yatsuna suka yi tsami. Mutane suka riƙa shigowa kamar dammunan hatsi masu ƙafafu, kowa naɗe cikin bargo, idanu kawai ake gani. Wani ya sa riga uku, wata ta ɗaura zani a kan rigar sanyin mijinta. In an gaisa, hayaƙi ke fita baki. Makaɗa suka hura ƴar wuta gefen ƙofa suna gasa fatar ganguna, don da sanyi ganga sakin jiki take yi, in ba ta ji wuta ba sai ta yi ta gunji kamar tsohuwar akuya.

Fasto Nafi'u ya iso bisa moto, wato babur, wajen ƙarfe takwas, ya sauko da ƙyar, gwiwoyinshi sun ƙage. Tun kafin ya gama gaisuwa ya ce mani, "Dattijo, ƙarfe ɗaya daidai zan tashi. Sabon Maci na jirana, ɗaurin aure da baftismar mutum shida, duk kafin rana ta faɗi."

Na ce ba damuwa, mutum ɗaya ne namu, ruwa ma tun jiya yake jira.

Sai ga Jimrau ya shigo, farin zanen baftisma a ninke a hammata, ɗiyarshi Azumi na biye da bargo biyu. Azumi ungozoma ce, tana aiki a gidan likita, kuma tun da uwarta ta rasu ita ke kula da tsohon. Ba ta ko shiga majami'a ba, ta zarce bayan ɗaki. Ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta cikin kwami, yadda take auna ruwan wankan jarirai.

Ihun da ta yi, sai da makaɗa suka saki ganga.

"Wayyo ni! Baba Na'Allah, wannan ruwa ne ko aska? Babana ba ya shiga nan. Ba ya shiga!"

Muka taru. Fasto ya sa yatsa ɗaya, ya janye da sauri, ya ɓoye hannun cikin aljihu. Shi ma fa shiga zai yi har cinya.

Jimrau ya ce, "Ke Azumi, ai ba ke za ki shiga ba. Tsoma ni za a yi a fitar, ba kwana zan yi ba."

"Baba, likita ya ce ko iska kada ta taɓa ƙirjin nan. Ni na yi jinyarka sati uku. In ka shiga ruwan nan, daga kwami sai makabarta, kuma ni ba zan tsaya ina kallo ba."

"To ai da an huta, na tafi da wankana."

"Ka ji shi ko! Ka ji shi, Baba Na'Allah!"

Habi ta matso a hankali, kamar ba ta san komai ba. "A kwashe wannan a ba itatuwa, a ja sabo. Ko kuwa a ɗora tukwane goma a dafa a sirka."

Na ce, "Yau Lahadi. Ba a jan ruwa, ba a faskare."

Ta nuna wutar makaɗa da baki. "Ikon Allah. Ganga an hura mata wuta ta ji ɗumi, ɗan Adam an hana shi."

Mata suka ƙyalƙyale. Na buga sandata a ƙasa, suka yi tsit, amma kafaɗunsu ba su daina rawa ba. Na ce ganga kayan sujada ce. Habi ta ce, "Jimrau kuma kayan me ne?" Na kau da kai, don ba a gardama da mace gaban baƙo.

Fasto Nafi'u mutum ne mai sanyin hali, ba ya son ya kunyata dattijo a gidanshi. Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Ku bari mu shiga sujada. Rana na hawa. Kafin mu fito ta taɓa ruwan."

Sujadarmu awa biyu ce, ba ta wucewa, don ni ke riƙe da ita. Wanda ya ja addu'a ko shaida ta yi tsawo, sanda nake bugawa sau biyu, ya san ya kai. Amma ran nan, da Fasto ya faɗi maganar rana, na ga idon Habi ya yi wani haske. Ta raɗa wa ta kusa da ita, ta kusa ta raɗa wa ta gaba, kafin mu zauna magana ta zagaye benci goma sha huɗu. Ba wanda zai bar sujadar nan ta ƙare sai ruwa ya yi ɗumi.

Zumuntar mata waƙa biyu suke yi bisa al'ada. Suka yi biyu. Azumi ta fita, ta tsoma gwiwar hannu, ta dawo bakin taga ta girgiza kai. Kafin in buɗe baki in kira abu na gaba, Habi ta ɗaga ta uku. Aka yi ta huɗu. A ta biyar suka fito tsakar ɗaki da rawa, shantu da ƙwarya da tafi, barguna suka fara zubewa ƙasa. Ta shida wata tsohuwar waƙar girbi ce da aka manta rabinta, inda baiti ya ɓace sai su cika da sunan Jimrau. Shi kuwa yana bencinshi na ƙarshe yana kaɗa kai kamar ango.

Na ɗaga sanda zan buga. Sai na tuna wa ya cika kwamin jiya. Na mayar da ita tsakanin gwiwoyina.

Aka kira zumuntar maza. Mazanmu, Allah ya gafarta masu, waƙa ɗaya suka iya tun da aka kafa majami'ar nan. Suka yi ta. Azumi ta leƙo taga ta girgiza kai. Suka dubi juna, suka sake ta daga farko. Ta sake girgiza kai. Suka sake ta karo na uku, a hankali ƙwarai, suna jan kowace kalma kamar ana jan jaki a rairayi, har mata suka riƙa kwantawa bisa juna don dariya.

Sai lokacin shaida. Tsohuwa Furera, wadda a shekara ba ta cewa uffan cikin sujada, ta miƙe ta ce tana da godiya ga Ubangiji a kan akuyarta da ta ɓata aka gane ta. Ta fara daga uwar akuyar. Ta faɗi inda aka sayo uwar, da launinta, da halinta na cin wanki. Ta zo kan haihuwar akuyar. Ta bi duk ƙauyukan da ta je cigiya, da wanda ta tarar a kowane gari, da abin da aka ba ta ta ci. Duk inda ta ja numfashi jama'a su ce, "Amin! Sai me ya faru, Iya?" Ta kai mu har kusa da Tagriss, a ƙarshe ta ce ashe akuyar tana bayan rumbunta, ta shiga tsakanin kara ta maƙale. Aka yi guɗa kamar an haifi ɗa namiji.

Ni dai ina zaune gaba, fuska a ɗaure, yadda ya kamaci dattijo. Amma ba zan yi ƙarya ba, da na duba ƙasa na tarar ƙafata ta dama tana bin ganga ba da izinina ba. Na taka ta da ta hagu.

Azumi ta dawo taga karo na ban san nawa ba. Wannan karon ba ta girgiza kai duka ba, ta karkata hannu, alamar ya ɗan rage amma da saura. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.

Fasto ya hau wa'azi. Ya yi mai kyau, a kan haƙuri, yana yi yana satar kallon agogo. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Bari mu yi addu'a," sai muryar Habi daga bencin mata: "A ƙara mana, Fasto! Shekara guda muke jiran ka!" Jama'a suka ɗauka, "A ƙara! A ƙara!" Bawan Allah ya share zufa, cikin ɗarin nan fa, ya koma kan batu na farko ya sake bi. Da ya ƙare sai makaɗa suka saki ganguna gaba ɗaya, kowa ya miƙe, yara da manya, har benci na motsi, kwanon rufi na amsawa. Ba mai jin abin da ke faruwa a waje ko da bango zai faɗi.

Cikin wannan ne Azumi ta faɗo ɗaki a guje, ɗankwali a hannu.

"Ruwa! Ruwan! Ku fito! Sun shanye!"

Muka yi waje muna ture juna a ƙofa. Abin da muka tarar, har in mutu ba zan manta ba. Raƙuma bakwai sun jeru bayan darni. Ba su karya ko kara ɗaya ba. Wuyansu kawai suka miƙo ta sama, kawuna bakwai cikin kwami, suna zuƙa da wani irin sauti kamar ana jan tabarma. Wani ƙaton amale ya ɗago kai, ruwa na zuba daga leɓenshi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗa leɓe ya watsa wa Fasto a fuska, ya mayar da kai. Kafin maza su zagaya su kore su, abin da ya rage a gindin kwamin ko kaza ba zai jiƙa ba.

Sai Furera ta ce, "To, ga waɗanda suka riga Jimrau."

Wurin ya fashe. Mata suka zube ƙasa, maza na riƙe ciki, wani makaɗi ya kifa kai bisa ganga yana shessheƙa. Fasto na goge fuska da hannun riga yana dariya har hawaye.

Sai ga mai raƙuman a guje, yana riƙe rawaninshi kada ya warware. Alhusaini ne, makiyayi mutumin Azagor, mun san shi, duk ɗari yana saukowa da bisashenshi rijiyar nan. Ya ce yana can yana jiran layi bayan shanun Fulani, raƙuman kwana biyar ba su sha ba, ya juya baya kawai suka bi ƙanshin ruwa. Ya dubi kwami, ya dubi farin zanen da ke hannun Jimrau, ya dubi Fasto, jikinshi ya yi sanyi.

"Subhanallahi. Ruwan ibadarku ne? Malam Na'Allah, ka gaya mani gaskiya, wani abu zai same su?"

Furera ta ce, "Ba abin da zai same su, sai dai duk Lahadi ka kawo su sujada. Bencin baya akwai wuri."

Fasto ya dafa kafaɗarshi ya ce ya kwantar da hankali, ruwa ne kamar kowane ruwa, raƙumanshi na nan yadda suke. Alhusaini ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya ce, "Abin da dabbata ta ci, ni na ci. Ga amale, ga wasaki, ga igiya. Yanzu zan roƙi Fulani su ba ni layi, in ja maku sabo. Amma ni kaɗai ne, ja kawai zan iya. Kawowa daga rijiya zuwa nan, sai ku."

Fasto ya dubi agogo. Sha biyu da minti goma.

Dariya ta ɗauke. Ido ya dawo kaina, na mutum sittin da wani abu. Habi ma da bakinta bai taɓa rasa magana ba, ta sunkuyar da kai tana gyaran zani.

Na nemi Jimrau. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba tun farko. Ya zauna bakin kwamin da ba komai a ciki, farin zanen bisa gwiwoyinshi, yana shafa shi da tafin hannu. Da ya ga ina kallon shi ya yi murmushi.

"Ba komai, Na'Allah. Kada ka karya abinka saboda ni. Ni na ja shekara goma sha ɗaya, ba kai ba. In Allah ya kai mu baɗi."

Tari ya sarƙe shi a kan kalmar ƙarshe. Ya daɗe yana yi, Azumi na shafa mashi baya, ta kawar da fuska don kada a ga idonta.

Na tsaya. Shekara ashirin da shida ina hana mutane jan ruwa ranar Lahadi. Na taɓa tsayar da mutum gaban jama'a saboda bokiti ɗaya. In na saki yau, gobe wa zai ji maganata? Wannan duk ya bi ta kaina. Amma ina tunanin ina kallon wuyan Jimrau, yadda ya zama siriri cikin rigar, mutumin da a da yake ɗaukar damin gero biyu a kai yana waƙa.

Na jingina sandata a bango. Na tuɓe babbar rigata ta Lahadi na miƙa wa Habi. Na ɗauki bokitin da ke kife gefen darni.

Na ce, "Ku saurara, don ba zan maimaita ba. Dokar Lahadi tana nan, ba ta je ko'ina ba. Abin da za a yi yanzu, in laifi ne, a kaina yake ni kaɗai, ni zan amsa shi gaban Ubangiji. Kowa ya nemo abin da ke riƙe ruwa."

Habi ta ɗaga rigata sama kamar tuta ta ce, "An ji, an shaida!" Ta saki guɗa.

Ban taɓa ganin mutanenmu sun yi sauri irin na ran nan ba. Gidajen kusa aka bazu, sai ga bokitai, tuluna, bido, ƙwarya, tukunyar tuwo, wata ma da butar shayi. Aka ja layi daga bakin rijiya har kwami, mace da namiji, kafaɗa da kafaɗa. Fulanin da ke shayarwa suka ji labari, suka janye shanunsu gefe, suka jingina da sandunansu suna kallo suna dariya. Alhusaini ya ɗaura igiya a jikin amalen nan da ya fi kowa sha, ya zura wasaki, babban gugan fata, cikin rijiya, ya kora raƙumin. Raƙumi ya yi ta tafiya, igiya na gudu, ya yi nisa kamar zai koma Azagor, sannan wasaki ya ɓullo bakin rijiya, cike, tururi na tashi daga kanshi.

Makaɗa suka fito da ganguna. Habi ta ɗaga waƙa, bokiti na bin kiɗa daga hannu zuwa hannu. Rabin ruwan a jikin mutane yake ƙarewa, ba wanda ya damu, don ɗumi gare shi. Duk sanda amale ya juyo, mata su yi mashi kirari, ɓarawon ruwa mai biyan abin da ya sha, shi kuwa yana taƙama yana kaɗa leɓe. Furera da butar shayinta ta ƙi shiga layi, ita kaɗai take kai da kawowa, tana tsiyaya ɗan abin da ta ɗebo cikin kwami da natsuwa kamar mai zuba magani. Fasto ya naɗe ƙafar wando ya shiga tsakiya. Ni ina bakin rijiya, ni ke karɓa daga wasaki. A wasaki na biyar santsi ya kwashe ni, na zauna daram cikin laka da bokiti a cinya. Jama'a suka ɗauke numfashi, suna jiran in yi faɗa. Wani Bafulatani ya miƙo mani hannu yana cewa, "Sannu, Baba, sannu." Na tashi, na ga bayan wandona, dariya ta kuɓuce mani. Da suka ga haka, kiɗa ya ƙara sama.

Ƙarfe ɗaya saura kwata kwami ya kai inda ake so. Azumi ta naɗe hannun riga. Kowa ya yi tsit, har ganguna. Ta tsoma gwiwar hannu, ta daɗe, ta rufe ido.

"Wannan ko jaririn yau zan wanke a ciki."

Aka kewaye Jimrau da zannuwa ya sauya kaya. Fasto ya fara shiga, sannan ni da Azumi muka riƙe tsohon, ɗaya dama ɗaya hagu, muka saukar da shi. Alhusaini da Fulanin suka tsaya daga bayan darni, nesa kaɗan, cikin ladabi. Fasto ya yi mashi tambayoyin da ake yi, ko ya ba da gaskiya, ko da son ranshi ya zo. Jimrau ya amsa da murya mai ƙarfi da ban ji irinta a bakinshi ba tun kafin damina. Fasto ya dafa ƙeyarshi, ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi cikin ruwa, ya ɗago shi.

Guɗar da aka yi, na tabbata an ji ta har kasuwa. Azumi na kuka tana dariya, ta buɗe bargo tana jira. Fasto ya fito yana ɗiga, ya dubi agogo, saura minti biyar, ya ruga ɗaki ya sauya wando.

Jimrau kuwa bai fito ba. Ya zauna cikin kwamin, ruwa har wuya, ya jingina kai da siminti, ya lumshe ido.

"Baba, fito mana, ga bargo," in ji Azumi.

"Ina zuwa."

Na sunkuya na ce, "Jimrau, an gama. Tashi, mutane na kallo."

Ya buɗe ido ɗaya. "Na'Allah, wata biyu ke nan ƙasusuwana ba su ji ɗumi ba sai yau. Ka bar ni in ji daɗin abina."

"Wannan ba wurin wanka ba ne, tsohon banza."

"Tsohon banza ya tafi, yanzu Fasto ya binne shi. Wannan sabo ne, kuma sabon yana jin ruwan ya fara hucewa ta wajen ƙafa." Ya ɗaga murya. "Alhusaini! Amalen nan ya gaji, ko da sauran wasaki ɗaya?"

Daga bayan darni Alhusaini ya ce, "Ko goma, Baba!"

Moton Fasto ya tashi, ya ɗaga mana hannu ya bi hanyar Sabon Maci. Na dubi Habi, ta dube ni, rigata na rataye a kafaɗarta. Na ce, "Ɗaya tak, daga shi ba ƙari." Na ɗauki bokiti na nufi rijiya.